Laccar fiziks a Samaru: me ya sa wayar wuta ba ta kashe tsuntsu?

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na ko? To madalla.

Jama'a, yau maganar aiki za mu yi, wato aikin da ake yi idan aka ɗauki cajin lantarki daga wani wuri zuwa wani. Lissafin gajere ne, yawan cajin sau bambancin voltej tsakanin inda ya tashi da inda ya sauka. Voltej kamar matsin wutar lantarki ne, da bolt ake auna shi, aiki da jul, caji kuma da kulom, bolt 1 na nufin jul 1 a kan kowane kulom 1. Ka ɗauki caji mai kulom 2 daga bolt 5 ka kai shi bolt 12, jul 14 kenan, ka miƙe ne ko ka yi ta kewaye-kewaye, duk ɗaya ne, hanya ba ta shiga lissafin.

Ku dubi Dutsen Kufena. Mutumin da ke zagaya shi a tsayi ɗaya, bai hau ba bai gangara ba. To haka caji yake, duk wuraren da voltej ɗinsu ɗaya ne in ka haɗa su sai su ba ka shimfiɗa guda, a kanta bambanci sifili ne, aiki ma sifili. Shi ya sa layukan ƙarfin lantarki, masu nuna inda ƙarfin ke jan caji, waɗanda Michael Faraday ya fara zanawa, dole su ratsa shimfiɗar a tsaye, digiri 90, don da sun karkata ko kaɗan da wani ɓangare na ƙarfin ya ja cajin a kan shimfiɗar, aiki ya samu kenan, alhali mun ce babu. Inda kuma shimfiɗun suka matsu kusa da juna, nan ƙarfin ya fi tsanani.

To haka abin yake ga tsuntsu a kan waya mai bolt 11,000, ƙafafunsa biyu kusan voltej ɗaya suke takawa, don haka wutar da ke bi ta jikinsa ba ta kai ta kawo ba. Ranar da fiffikensa ya taɓa waya ta biyu, shi kenan.

Amma ɗalibai, ga abin da ya fi damuna, kuma ina roƙonku ku kai shi gida. Da damina iska kan tsinka waya ta faɗo ƙasa, a Sabon Gari ko Tudun Wada ko ina ma, sai voltej ya bazu cikin ƙasa zobe-zobe, na kusa da wayar ya fi yawa, yana raguwa kana yin nisa. Kai ba ka taɓa wayar ba fa, amma ƙafarka ɗaya na kan wani zobe ɗayar na kan wani, sai wutar ta shiga ta wannan ta fita ta waccan. Saniya ta fi mutum shiga haɗari saboda tazarar ƙafafunta na gaba da na baya, shi ya sa tsawa ɗaya kan zubar da shanu da yawa.

In abin ya rutsa da kai kada ka yi gudu. Haɗe ƙafafunka, ka riƙa jan su a ƙasa kaɗan-kaɗan ba tare da ka ɗaga ba har ka yi nisan kamar mita 10, sannan ka hana yara matsowa, a kira ma'aikatan wuta su kashe layin.