Hanyar ruwa ba fegi ba ce: jawabi a taron ƴan Maraɗi mazauna Jamus

Assalamu alaikum warahmatullah. Shugaba, dattawanmu, iyayenmu mata da suka kwana kan tukunya saboda wannan taro, ƴan'uwa da kuka taso daga Esen, Kolon da Hambug, sannunku da zuwa Dotmun. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

An ba ni minti goma kan asusun ƙungiya. Ma'aji ya yi mini afuwa, zan ci rabinsu a kan maganar ruwa.

Da yawanku kun taɓa kai yara shan iska bakin tafkin Phoenix da ke unguwar Hörde. Wanda ya zo ƙasar nan bayan 2010 zai ɗauka haka Allah ya ajiye shi. To, wurin nan masana'antar narka ƙarfe ce ta yi sama da shekara 150 tana hayaƙi. A 2001 aka rufe ta, ƴan Sin suka kwance injinan ɗaya bayan ɗaya suka loda a jirgin ruwa. A ƙarƙashinta kuwa akwai kogi, Emscher, an tura shi cikin bututu an yi gini a kansa. Da aka tashi gyaran unguwar aka haƙe filin, aka yi tafki mai faɗin hekta 24, aka tono kogin ya koma gudu a fili gefen tafkin. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

Kogin nan ya ga wulaƙanci. Haƙar kwal ta sa ƙasar wannan yanki na Ruhr tana lotsawa, duk bututun da aka binne sai ya karye. Sai suka ce to, a daɓe kogin da siminti, kowa ya sako masa ruwan masai da na masana'anta. Haka ya yi kusan shekara ɗari. Sunan da mutanen nan suka laƙaba masa ba zan faɗe shi gaban iyayenmu ba. A 1992 suka fara gyara, suka gina babban bututun ƙazanta mai tsawon kilomita 51 daga Dotmun zuwa Dinslaken, sai ƙarshen 2021 kogin ya rabu da ruwan masai. Shekara talatin ke nan, da kuɗi wajen Yuro miliyar biyar da rabi. Ku juya shi zuwa sefa: ya haura miliyar 3,600. Duk don a warware abin da kakanninsu suka ɗaura da hannunsu.

Kada a ce ado ne kawai. A watan Yulin 2021, lokacin ambaliyar da ta ci rayuka a yammacin ƙasar nan, kogin ya cika, aka bar shi ya malala cikin tafkin, unguwannin da ke ƙasa suka samu sauƙi. Da ma don haka aka bar masa wuri. Amma akwai gefen da ba a sa wa a hoto: gidajen bakin tafkin, tsohon ma'aikacin da ya sha hayaƙin wurin ba ya iya sayensu, haya ma ta tashi. Ni da nake tuƙa motar kaya, iyakata in zagaya in koma. Ko wanka ba a yarda a yi a ciki ba.

Wani zai ce ina ruwan Maraɗi da wannan, mu da ba mu binne kogi ba? Ai mu ne ya kamata mu fi kowa sani. Tsohon gari a cikin fadama yake, bakin Gulbi. Ambaliyar 1945 ce ta rushe shi, aka hau da mutane tudu. Kakata har ta rasu, in hadari ya haɗu daga gabas sai ta fara tattara tabarmi. Yau garin ya bazu, kwalta da kwano sun yi yawa, ruwan da ƙasa ke shanyewa a da yanzu gangarowa yake da gudu ya nufi Gulbi, yana yanka kwazazzabai a gefen tudu. Kanibo ya cika da leda da yashi. Tafkunan cikin gari, waɗanda aka ɗebi ƙasar gini a cikinsu kuma suke riƙe ruwan damina, ana cike su da shara sannu a hankali, in sun daskare a yanka fegi. Abin da Jamusawa suka yi da siminti, mu da juji muke yinsa.

Kuma wa ke sayen fegin? Mu ne, ƴan waje. Ni kaina an sha ni. Shekarun baya na aika kuɗi, dillali ya turo mini hoto ta WhatsApp, fili shimfiɗe kamar faifai, ashe a watan Maris aka ɗauka. Da Agusta ta zo ƙanena ya je dubawa, ruwa har gwiwa, agwagi na iyo. Da na gina, na ɗaga daɓe na yi katanga, da ruwan nan gidan maƙwabci zai faɗa, mutumin da ba shi da kowa a Turai. Filin na nan, ban gina ba, ban kuma sayar wa wani ba.

Sannan ga filayen tsofaffin masana'antun garinmu, na zamanin gyaɗa da na jimar fatar jar akuya. Gari ya riga ya kewaye su, ko ba daɗe ko ba jima za a yanka su. Majema kuwa tana barin guba a ƙasa, dole a auna kafin a sa yara a wurin. Ranar da za a yanka, a fara fitar da hanyar ruwa da wurin da zai kwanta, a dasa bedi a gefe, sannan a raba abin da ya saura.

Don haka shugaba, ina roƙon a sa abu biyu cikin ajandar yau. Duk ɗan ƙungiya da zai sayi fegi, a tura wakilinmu na gida ya gan shi bayan ruwan Agusta, ya kuma tambayi tsofaffin unguwa inda ruwa ke bi. Sannan mu rubuta wa magajin gari wasiƙa da sunan ƙungiya kan tafkuna da filayen masana'antu. Na kawo daftarinta, yana wajen sakatare, a karanta bayan sallar la'asar.

Ma'aji, ga sauran mintinka. Wassalamu alaikum.