Suna da Kuɗin, Amma Ba a Sayar Musu

Jama'a masu sauraro, na gaji da jin wata magana duk sanda aka taɓo batun Musulmin Indiya: wai su suka zaɓi cunkushewa a unguwa guda. Wane irin zaɓi? A leƙa Juhapura, unguwar Musulmi da ke birnin Ahmedabad a jihar Gujarat. Akwai likitoci a can, da lauyoyi, da manyan 'yan kasuwa masu kuɗin sayen gida a ko'ina cikin birnin. Ba a sayar musu ne.

Sun kuma ga abin da ya samu wanda ya zauna a waje. Ranar 28 ga Fabrairun 2002, lokacin da tarzoma ta ɓarke a Gujarat ana kai wa Musulmi hari, maƙwabta suka fake a gidan Ehsan Jafri a rukunin gidajen Gulbarg, suna ganin ai tsohon ɗan majalisar tarayya ne, ba mai taɓa shi. Aka kashe mutum 69, har da shi. Bayan wannan, wane mai iyali ne zai jingina da muƙami ko dukiya?

Ga doka kuma. Tun 1991 Gujarat ke da dokar da ta ce a unguwannin da aka ayyana masu fama da tarzoma, ba a cinikin gida sai da izinin shugaban gunduma. An ce don kare wanda tsoro zai sa ya karyar da gidansa aka yi ta. Mai yiwuwa da niyyar ke nan. Amma yau da ita ake tare Musulmi a bakin ƙofa.

Ko a Mumbai, Shabana Azmi a 2008 da Emraan Hashmi a 2009, taurarin da muke kallo a nan, sun fito fili sun koka cewa an hana su gida saboda addini. Kuɗi ne ba su da shi?

Abin da ya ƙara ɓata mini rai shi ne halin attajiran kansu. An tura su Juhapura, sai suka ja katanga a cikinta, suka sa maigadi, suka haƙa rijiyar burtsatse, suka kai 'ya'yansu makarantun kuɗi. Talakan da ke bayan katangar, wanda tsoro ɗaya ya koro su tare, shi aka bari da kwata da layin ɗiban ruwa. Masu bakin da hukuma za ta saurara sun saya wa kansu mafita, hukuma kuwa ta samu sararin naɗe hannu.

Mutanen Kaduna da suka tsallake kogi da kayansu bayan rikicin 2000 ba sa bukatar a yi musu bayanin wannan zaɓi.