Braemar: Ƙauyen da Sarauta Ke Zuwa Kallon Jifan Gungume

Jama'a, assalamu alaikum. Abu uku zan faɗa a kan Braemar, wani ɗan ƙauye a tsaunukan Sikotland, a bakin kogin Dee. Na baya kuna ji na? To, madalla.

Na farko, maƙwabtaka. Fadar Balmoral tana nan kusa, ko mil 10 ba a kai ba. Yarima Albert ne ya saya wa matarsa, Sarauniya Victoria ta Birtaniya, wurin a 1852, shi ya sa har yau gadon gida ne, ba kayan gwamnati ba. A can Sarauniya Elizabeth ta rasu ranar 8 ga Satumba, 2022.

Amma ni abin da ya tafi da hankalina shi ne wasan shekara da mutanen Braemar suke yi Asabar ɗin farko ta Satumba. Tun 1848 Victoria ta halarta, kuma zuri'arta ba su yar da al'adar ba. Ga masu busa algaitarsu mai jaka, ga maza sanye da siket. Kada ku yi dariya, Alhaji, ƙarti ne majiya ƙarfi! Za ka ga ƙato ya rungumo gungume mai tsawon kusan mita 6, nauyinsa ya fi buhun siminti, ya tallabe shi a tsaye da tafin hannu, ya sheƙo a guje, ya cilla. To ku saurara, nan ne daɗin. Ba nisa ake dubawa ba. Na ce ba nisa ake dubawa ba! Sai gungumen ya yi adungure, ya faɗi samɓal gaban mai jifa, kamar hannun agogo a kan ƙarfe 12. In ya karkace, maki ya ragu, ko da kai ne sarkin ƙarfi. Alƙali na biye da shi a baya yana lura, sarki kuma na zaune a rumfa yana tafi.

Na huɗu... ko na uku ne? Bari in yi sauri. Akwai tsohuwar fadar Braemar ta 1628. A ƙauyen ne aka ɗaga tutar tawayen da aka yi wa sarkin Birtaniya a 1715. Sai cocin Crathie, kusa da Balmoral, inda gidan sarautar ke zuwa ibada.

Na'am, Hajiya? Sanyi?

Ai kin taɓo inda ke yi musu ƙaiƙayi. Sau biyu, a 1895 da 1982, ma'auni ya sauka digiri 27.2 ƙasa da sifiri, kuma ba a taɓa auna sanyin da ya fi haka ba a duk Birtaniya. Mu da hunturu kaɗan ke hana mu wankan safe, in za ki je, ki tafi a Satumba.