Ina Ya Samo Wannan Lissafin?

Assalamu alaikum jama'a. Mutanen Aboabo da Asawase da Sabon Zango, da na nesa masu kallonmu a waya, barkanmu da war haka.

Yau zancen littattafai ne masu nauyi, irin waɗanda marubucinsu ke kafa hujja shafi bayan shafi. Iri biyu muka ɗauko. Akwai masu binciken dalilin da ya sa dukiya ke taruwa a hannun 'yan tsiraru, akwai kuma masu binciken yadda Kiristanci ya faro. Wani zai ce me ya haɗa kifi da kaska? Ku biyo ni, a birnin Rum za su haɗu.

Mu fara da Thomas Piketty, masanin tattalin arziki ɗan Faransa. Littafinsa kan jari a ƙarni na 21 ya fito da Faransanci a 2013, da Turanci a 2014, kuma ya kai shafi 700 ko kusa da haka. Girmansa na korar mutane, amma kan maganar gajere ne. Ya ce a mafi yawan tarihi, abin da dukiya ke haifar wa mai ita a shekara yakan kai kashi 4 zuwa 5 cikin 100. Shi kuwa tattalin arzikin ƙasa baki ɗaya, wanda albashi da ladan ƙwadago ke bi, tafiyarsa ba ta cika wuce kashi 1 zuwa 1 da rabi ba.

Duk wanda ya taɓa neman ɗaki a Kumasi ya san wannan a jikinsa. Dokar haya ta hana mai gida karɓar fiye da kuɗin wata 6 a gaba, amma je ka Aboabo ka faɗa wa mai gida haka, ka ji amsa. Na shekara biyu zai nema a dunƙule. Ɗan haya ya kwashe susunsa, ya ciyo bashi, ya kawo. Mai gida ya ɗauki kuɗin ya ƙara ɗakuna biyu a bayan gida, su ma ya sa haya. Abin da ke ƙaruwa da kashi 5 a shekara yana ninka kansa cikin shekara 14. Wanda ke ƙaruwa da kashi 1 da rabi sai ya yi kusan shekara 47. Kafin ɗan haya ya ninka samunsa sau ɗaya, gidan ya ninka sau uku, ya kuma faɗa hannun magada waɗanda ba su ɗora bulo ko ɗaya ba. Piketty ya nuna cewa a Turai wajen 1910, kashi 10 na mutane ne ke riƙe da kusan kashi 90 na dukiya. Abin da ya rushe wannan tsari shi ne yaƙe-yaƙen 1914 zuwa 1945, da hauhawar farashi, da haraji mai tsanani da ya biyo baya. Daga wajen 1980 tazarar ta sake buɗewa.

To, a nan ne karatun yake. Mu da muka zauna gaban malam mun san ba a karɓar hadisi sai an tambayi isnadinsa: wa ya ji daga wa? Haka za ka yi wa kowace lamba a irin waɗannan littattafai. Ina ya samo ta?

Piketty ya samo nasa daga takardun haraji da na rabon gado, musamman na Faransa da Ingila da Amurka. Na Faransa sun koma har zamanin juyin juya halin 1789. Ƙarfin littafin ke nan, kuma iyakarsa ke nan. Mai sayar da atamfa a Kejetia, da mai gyaran mota a Suame Magazine, da yarinyar da ke dakon kaya a ka, ba su cikin irin waɗannan takardu. A Gana abin da muke da shi binciken gida-gida ne na hukumar ƙididdiga, wanda ya fi auna abin da iyali ke kashewa. Binciken 2016 zuwa 2017 ya ba da kusan 43 a ma'aunin Gini, wanda 0 ke nufin kowa daidai, 100 ke nufin mutum ɗaya ya kwashe komai. Sai dai attajiri ba ya zama da mai tambaya ya lissafa masa filayensa. Don haka ni dai ina ɗaukar 43 ɗin nan a matsayin mafi ƙarancin abin da ke akwai.

Binciken ya nuna wani abu da ya fi Gini faɗa da ƙarfi. Talauci a yankin Accra bai kai kashi 3 ba. A yankin Wa da kewaye ya kusa kashi 71. Wannan ba ribar jari ce kaɗai ta kawo shi ba. Turawan mulki sun mai da Arewa wurin ɗebo lebura zuwa gonakin koko da ramukan zinari. Makarantar Mfantsipim ta 'yan mishan ta buɗe a Cape Coast a 1876, sakandaren gwamnati ta farko a Arewa kuwa sai 1951 a Tamale. Shekara 75 ke nan tsakani. Ba za ka sami wannan a littafin Bafaranshen ba, kai ne za ka zo da shi.

Kuma ka nemi wanda ya yi masa raddi. A 2015 wani ɗalibi a jami'ar MIT, Matthew Rognlie, ya sake lissafin ya nuna cewa ƙaruwar kason jari a ƙasashe masu arziki kusan duk daga gidaje ta fito, ba daga injuna da masana'antu ba. Ya rage wa hujjar Piketty faɗi, amma mu a Zango sai muka ga kamar da mai gidanmu yake.

Yanzu mu tsallaka. Ƙidayar 2021 ta ce kusan kashi 71 na mutanen ƙasar nan Kiristoci ne, Musulmi kusan kashi 20. Da su muke shiga turotiro, da su muke ciniki, wasunmu gida ɗaya muke haya. Sanin yadda addininsu ya faro ba ya rage wa kowa imani. Mu a wurinmu Annabi Isa, alaihis salam, manzon Allah ne. A wurin maƙwabcinmu Kirista, Yesu Almasihu ya wuce haka. Masanin tarihi ba shi da sikelin da zai auna wannan saɓani, kuma na kirki a cikinsu ba ya cewa yana da shi. Abin da yake tambaya shi ne wane rubutu ne ya fi tsufa, wa ya rubuta, ga wa, kuma su waye suka shiga wannan tafiya.

Rubutun Kirista mafi tsufa da ya iso gare mu wasiƙun Bulus ne, ɗaya daga masu yaɗa addinin na farko, na shekarun 50 na Miladiyya. Cikin 13 da ke ɗauke da sunansa, 7 ne masana suka haɗu a kan cewa nasa ne ba tantama. Bisharar Markus, wadda yawancinsu ke ganin ita ce ta farko, ta zo wajen shekara ta 70, lokacin da Rumawa suka rushe haikalin Urushalima. Dukkansu da Girkanci aka rubuta su, alhali Aramiyanci ake yi a ƙauyukan Galili. Daga waɗanda ba Kiristoci ba kuma akwai gwamnan Rumawa Pliny, wanda wajen 112 ya rubuta wa sarki Trajan yana tambayar yadda zai hukunta Kiristoci, da marubucin tarihi Tacitus da ya ba da labarin yadda sarki Nero ya ɗora musu laifin gobarar Rum ta shekara ta 64.

Duniyar da suka tashi a cikinta fa? Kafin mutum ya zama ɗan majalisar dattawan Rum sai ya mallaki sastar miliyan 1, kuɗinsu na lokacin. Sojan daular yana karɓar 900 a shekara. Sai ya yi aikin fiye da shekara 1,000 bai ci ko sisi ba kafin ya taka wannan matsayi. Attajiran suna kyauta, har da almubazzaranci: su gina wa gari wurin wanka, su shirya wasanni, gwamnati ta raba hatsi. Amma don kana ɗan gari mai rajista ake ba ka. Baƙo da bawa da matar da mijinta ya rasu ba ta da kowa, ba su cikin lissafi.

Da wannan a ranka, sai wasiƙun Bulus su sake kama. Yana yi wa Kiristocin birnin Koranti faɗa saboda in sun taru cin abinci, masu hali su ƙoshi, marasa shi su tashi da yunwa. Yana bin garuruwa yana tara gudummawa don talakawan Urushalima. Ashe tun farko akwai mai shi da marar shi a ɗaki ɗaya, kuma rigimar kuɗi na cikin abin da ya sa aka yi rubutun.

Rodney Stark, masanin zamantakewa ɗan Amurka, ya fitar da littafi a 1996 kan yadda Kiristanci ya bunƙasa. Ya ce a ɗauka Kiristoci 1,000 ne a shekara ta 40, suna ƙaruwa da kashi 40 duk shekara 10. Zuwa shekara ta 300 sun kai miliyan 6, wato kashi 10 na daular da ke da mutum kusan miliyan 60. Zuwa 350 sun haura miliyan 30. Ka lura, kashi 40 a shekara 10 bai kai kashi 3 da rabi a shekara ba. Lissafin ɗakunan mai gida ne dai, ƙari kan ƙari. A ganinsa sarki Kustantin, da ya rungumi addinin a 312, ya tarar da ruwan ya riga ya ciko.

Ina ya samo kashi 40? A nan isnadin ya yi rauni. Babu wanda ya ƙirga Kiristoci a daular Rum. Stark ya zaɓi adadin da zai kai shi ga ƙiyasin da masana suka riga suka yi, ya kuma gwada shi da yadda ɗariƙar Momon, wadda ta taso a Amurka, ta yaɗu a zamaninmu. Shi kansa bai ɓoye haka ba. Masu yaɗa maganarsa ne ke jefa lambobin kamar sakamakon ƙidaya. Abin da lissafin ya tabbatar kawai shi ne abin zai iya faruwa sannu a hankali, ta hanyar dangi da maƙwabta da aure.

Inda ya fi samun shaida shi ne zancen annoba da jinya. Annoba ta afka wa daular a 165, wata kuma wajen 250. Marubutan Kirista na lokacin sun ce mutane na gudun marasa lafiyarsu, su kuwa suna tsayawa su ba da ruwa da abinci. Za ka ce ai su suke yabon kansu, kuma ka yi daidai da ka yi shakka. To ga lamba: a 251 bishop ɗin Rum, Karniliyus, ya rubuta cewa cocinsa na ciyar da mabuƙata da matan da mazansu suka rasu fiye da 1,500. Ga kuma shaidar abokin gaba. Sarki Juliyan, wanda ya bar Kiristanci ya nemi farfaɗo da bautar gumaka, ya rubuta a 362 yana kukan cewa waɗannan mutane suna ciyar da talakawansu har da na Rumawa masu bautar gumaka, ya umarci limaman addininsa su kwaikwaye su. Shaidar wanda ba ya ƙaunarka ta fi nauyi.

Sai littafin da na fi so cikinsu, na Peter Brown, wanda ya fito a 2012, kan dukiya da coci daga 350 zuwa 550. Shi ma kundi ne, kuma Turancinsa ba na gaggawa ba ne. Karanta gabatarwa da babin ƙarshe tukuna, ka riƙe yatsa ɗaya a bayanan da ke bayan littafin. Brown ya ce ko bayan Kustantin, coci ya daɗe a hannun masu matsakaicin hali. Sai wajen 370 manyan attajirai suka fara shigowa da filayensu da bayinsu. Suka tarar da ayar da ke cewa ya fi sauƙi raƙumi ya bi ta kafar allura da mai arziki ya shiga Mulkin Allah. Yaya za a yi da su?

Wasu sun ɗauki ayar yadda take. Melaniya Ƙarama, 'yar ɗaya daga gidajen da suka fi kowa kuɗi a Rum, ta shiga sayar da gonakinta a farkon shekarun 400 tana rabarwa, har danginta suka tayar da hankali. Wani marubuci daga mabiyan Pelajiyus, wani malamin Kirista na lokacin, ya rubuta cewa a kawar da mai arziki, ba za a sami talaka ba, domin tarawar 'yan kaɗan ce ke jawo rashin masu yawa. Wanda ya ja da wannan ra'ayi ɗan Afirka ne, Agustin, bishop ɗin Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau. Shi ya ce laifin na girman kai ne da kwaɗayi, mai dukiya ya riƙe abinsa, ya riƙa sadaka kullum don kankare zunubi. An yi Allah wadai da koyarwar Pelajiyus a taron shugabannin coci na birnin Kartaj a 418, kodayake a kan batun zunubi da alherin Allah ne aka same shi da laifi. Ra'ayin Agustin kan dukiya shi ya zauna. Attajirai suka ci gaba da bar wa coci filaye a wasiyyarsu, bishop-bishop suka zama masu kula da gonaki da haya, suna cewa dukiyar ta talakawa ce, amana ce a hannunsu. Zuwa ƙarni na 6 coci na cikin manyan masu ƙasa a yammacin Turai.