Tsohon benen ofis a Legas da kuɗin sanyaya shi

Jama'a, ku ɗaga kai ku kalli wannan benen da ke kan titin Broad Street a tsibirin Legas. Kusan kowace taga da iyakwandishan a rataye. Wani ya yi tsatsa, wani yana ɗigar da ruwa a gefen 'yan canjinmu da ke zaune a ƙasa. Da yawa daga gine-ginen wannan yanki tun shekarun 1960 da 1970 suke tsaye. Ginin NECOM mai hawa 32 ma a 1979 aka kammala shi.

A Turai ana fama da ɗumama ofis da sanyaya shi. A Legas ba mai neman ɗumi, ko da hunturu. Zafi da laima ne matsalar, kuma laimar ta fi wahalarwa.

A watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta kai kuɗin wutar 'yan rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta a kullum, zuwa naira 225 kan kowane yunit, ya ninka fiye da sau uku. In an ɗauke wuta kuma, janareto ya sha dizal. Shi ya sa masu gini suke gaggawar sayen sabbin na'urorin sanyaya ɗaki. To, a nan nake roƙon a ɗan dakata.

Mu shiga ciki. Ku sa hannu a gefen wannan tagar da ke kallon yamma. Gilashin ya ɗau zafi, robar da ke riƙe shi ta bushe ta tsage, iskar waje mai ɗanshi tana shigowa. Duk na'urar da aka kafa a nan, zuba ruwa ne a kwando. A fara toshe kafofin, a manna wa gilashin takardar tare rana ko a yi masa rumfa daga waje, a canza tsoffin ƙwayayen fitila masu zafi da na LED, a shafa wa rufin farin fenti. Bayan haka sai injiniya ya auna sanyin da ginin yake buƙata.

Awon nan yana da muhimmanci ƙwarai. Na'urar da ta fi ƙarfin ɗaki takan sanyaya shi nan da nan ta kashe kanta, ba ta tsotse laimar ba. Sai ka ga ma'aikaci ya sa rigar sanyi amma jikinsa na danƙo, takardu sun yi laushi, bango ya fara funfuna. Na'ura mai inbata ta fi dacewa, domin kwampiresonta, wato injin da ke matsa gas ɗin sanyaya, yana rage gudu ne maimakon kashewa da kunnawa, kuma ba ta fizgar janareto wajen tashi.

A duba gas ɗin da ke cikin na'urar ma. Tsoffin na'urori da R-22 suke aiki, wanda yarjejeniyar Montreal ta 1987 da gyare-gyarenta suka sa ƙasashe irin Najeriya su daina amfani da shi kusan gaba ɗaya zuwa 2030. Kada a bari mai gyara ya sake shi a iska.

Gishirin teku kuma yana cinye ƙarfen na'urar da ke waje, musamman a Marina da ke bakin ruwa. A nemi mai rufin kariya daga tsatsa, a riƙa wanke ta. A saita sanyin a digiri 24, ba 16 ba. Sannan a ba mai gadin dare izini a rubuce ya kashe duk na'urar da aka tashi aka bari a kunne.