Sanƙarau Da Labarin Da Ke Makara A Kan Iyaka

Masu sauraro, da zarar hunturu ya ja baya zafi ya kankama, iyaye a ƙasar Hausa sun san abin da ake fargaba: zazzaɓi mai zafi, ciwon kai, wuyan yaro ya sanƙare. A 1996 sanƙarau ya kashe mutum kusan dubu 25 a Afirka, fiye da dubu 11 daga cikinsu a Najeriya.

Allurar rigakafi ta MenAfriVac da aka fara yi a 2010 ta karya lagon nau'in A na ƙwayar cutar, wanda shi ne ya fi ɓarna a da. Ana cikin murna, sai wani sabon nau'in C ya ɓulla a ƙauyukan jihar Sakkwato a 2013, shekara ta zagayo aka gan shi a Kebbi. A 2015 ya tsallaka Nijar, ya ratsa Dosso har Yamai, ya kama sama da mutum dubu 8, ya kashe fiye da 500. A ƙarshen 2016 ya kunno kai a Zamfara, amma sai a watan Fabrairun 2017 labarin ya isa Abuja. Kafin ƙura ta lafa, an rasa rai fiye da dubu ɗaya. Shekara huɗu ke nan cutar tana kai da komo tsakanin maƙwabta, tana ba da alama.

Ba wai babu tsari ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ja layi ƙarara: idan aka samu mutum 3 cikin dubu 100 da ake zargi sun kamu a mako guda a yanki ɗaya, a shiga shirin ko-ta-kwana, idan suka kai 10, annoba ta tabbata. Sai dai wannan lissafi ya rataya ne a wuyan malamin asibitin ƙauye. Shi zai rubuta adadi kowane mako ya aika sama, kuma sai an ɗebi ruwan ƙashin bayan mara lafiya an kai ɗakin gwaji, irin su CERMES a Yamai ko na NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, a Abuja, kafin a san wane nau'i ne. Ba tare da wannan shaida ba, da wuya a saki allurar gaggawa daga rumbun ajiya na duniya.

Abin da ya fi damuna shi ne iyaka. Mai zuwa cin kasuwar Illela daga Birnin Ƙonni, ko Maigatari daga Dungas, ba ya jiran rahoton mako. Amma alƙaluman Ƙonni sai sun je Yamai, na Illela sai sun je Abuja, alhali garuruwan biyu na kallon juna. Ga shi Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025, ƙungiyar da cibiyarta ta sa ido kan cututtuka ke Abuja.

Rigimar siyasa ta shugabanni ce, su ƙarata can. Najeriya da Nijar duk sun fara amfani da sabuwar allurar Men5CV a 2024, mai kare nau'i biyar har da C. Abin da ya rage shi ne gwamnatocin biyu su sahale wa jami'an lafiya na Jibiya da Maraɗi, da na Daura da Matamaye, su riƙa musayar adadin mako kai tsaye, tun daga Janairu har saukar damina.