Yadda "da sauƙi" ta kusa cinye mana haƙƙin maigida a Amurka

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanku da war haka. Ku yi haƙuri da muryata, yanzu na gama kuka, amma na farin ciki ne. Ga ni cikin mota a ƙofar gida nan Texas, ko sauka ban yi ba. Wasiƙar da muka daɗe muna jira ce ta iso, an ɗaga wa Abban yara matakin kuɗin lalura da ake biyan tsoffin sojoji daga kashi 30 zuwa kashi 70. Alhamdulillahi! Ku dubi hannuna, har yanzu rawa yake.

Ga waɗanda ba su san mu ba, maigidana ɗan mazan jiya ne, ya yi aikin soja a nan, ya je Iraƙi sau biyu. Ya dawo ko ƙwarzane babu, dangi a gida suka ce ai ya sha da ƙyar, sai godiya. Ni da nake kwana ɗaki ɗaya da shi na san ba duka ya dawo ba. Ba ya kwanciya sai ya bi ƙofofi sau uku. In mun je cin abinci waje, sai inda zai jingina bayansa da bango yana kallon ƙofa. Daren 4 ga Yuli kuwa, ranar bikin 'yancin Amurka, da ake ta harba wuta sama, a banɗaki yake kwana yana gumi. Mutumin da ya tashi a Kano yana bin 'yan bindiga a hawan Daushe fa! Kai, Allah ya kai ni in sake ganin hawan nan, na yi kewar ƙarar algaita.

To, a nan akwai ma'aikatar tsoffin sojoji, VA. In aikin soja ya jawo maka lalura suna biyan ka duk wata, ba haraji a kai. Kuma ciwon fargaba, damuwa da PTSD, wato firgicin da ke bin mutum bayan ya ga tashin hankali, duk lalura ce a wurinsu kamar karaya. Matakan shida ne: 0, 10, 30, 50, 70 da 100. Abin da suke dubawa shi ne yadda ciwon ya taɓa aikinka da zamanka da mutane. Kashi 30 dala ɗari biyar ne da 'yan kai, kashi 70 ya haura 1,700, ban da ƙarin mata da 'ya'ya. Kuɗin hayar gidanmu ke nan, har da canji.

Yanzu ku saurari inda muka yi tuntuɓe. Ranar da aka tura shi wurin likitan da zai auna shi, ya sha wanka, ya fesa turare, ya sa kaftaninsa mai guga. Likita ta ce ya jiki? Ya ce da sauƙi. Barci fa? Ana samu, alhamdulillahi. Zama da iyali? Lafiya lau. Baiwar Allah ta rubuta abin da kunnenta ya ji, ba ta da laifi, da haka aka ba shi kashi 30. Haka aka tarbiyyantar da mu, ko a gadon asibiti kake aka ce ya jiki, da sauƙi za ka ce, kuma ina alfahari da wannan hali. Amma ɗakin nan ba zauren gaisuwa ba ne. Da na karanta rahoton sai da na zauna a ƙasa. Na ce, Abban yara, wa ke samun barci a gidan nan? Ya yi shiru, can ya ce kunya ce, bai iya zama gaban mace baƙuwa ya ce yana jin tsoro ba.

Tun 2019 hanyoyin ɗaukaka ƙara uku ne. Ko ka ce wani babban jami'i ya sake duba fayil ɗin yadda yake, ko ka kai gaban alƙalan hukumar da ke Washington, ko ka kawo sabuwar shaida. Ta farko ba ta yi mana ba, don fayil ɗin "da sauƙi" ce a ciki. Sabuwar shaida muka kai. Likitansa ya rubuta bayani, wani abokinsa da suka je Iraƙi tare ya rubuta, ni ma na rubuta. Dare uku ina rubutun nan ina hawaye. Na faɗi sau nawa fargabar ke kama shi a mako, aiki nawa ya bari, yadda yara suka koyi tafiya a hankali kada ƙofa ta buga. Ji na yi kamar ina tona asirin mijina, sai da shi da bakinsa ya ce rubuta, kar ki rage komai.

Ina jan kunnenku, wa'adin ɗaukaka ƙara shekara ɗaya ce daga ranar da ke jikin wasiƙar hukuncin da VA ta yanke. Mu a ciki muka shigar, shi ya sa za a biya mu ariyas tun daga farko. Sannan ku kiyayi kamfanonin da ke kira a waya. Wani ya so ya yanki ƙarin wata biyar cif, na kashe wayata. Ƙungiyoyin tsoffin sojoji irin su DAV, VFW da American Legion kyauta suke taimakawa, mu ko sisi ba mu biya ba sai man mota.

Wata gwaggonmu ta ce aljanu ne, a yi masa ruƙiyya. Addu'a ba mu taɓa fasawa ba, maganinsa ma bai fasa ba. Sai in tuna yaranmu da ke dawowa daga daji a Borno da Zamfara, da matansu, su ma na san akwai masu bin ƙofofi da dare. Allah ya dube su.

In kina nan Amurka, mijinki ya fara maganar ya gaji da rayuwa, kar ki jira wata wasiƙa, buga 988 ki danna 1, layin agajin gaggawa na tsoffin sojoji ne, dare ko rana.

To, ga shi can ya ɗaga labule yana leƙe, bai san me ke hannuna ba. Bari in shiga in miƙa masa.